Injin Baba Ya Sha Mai

Ban taɓa buɗe baki na ce ni injiniya ne ba. Shekaru na yi ina kare kaina da wannan magana, amma yanzu da furfura ta fito mini na san ba hujja ba ce. An kira ni da sunan, na amsa, kuma na ji daɗinsa.

Na zo Dutse ne bayan an ƙirƙiro jiha, aka ɗauke ni akawu mai buga tafireta a ma'aikatar ayyuka. A kawo rubutun hannu in buga, in kai a sa hannu, in dawo in zauna. Ɗakina guda ne a gindin duwatsu, rabinsa littattafan soyayya irin waɗanda ake sarowa daga Kano, masu siririn bango da hoton fure. Na karanta su har na koma ina tunani da harshensu. A cikinsu saurayi ba ya cewa bai iya abu ba. In mota ta lalace shi ke gyarawa, in gobara ta tashi shi ke shiga, budurwa kuma tana gefe tana satar kallonsa.

Wadda nake nema malamar firamare ce a wani ƙauye na ƙasar Taura, a tsallaken kogi. Ta zo kwas Dutse lokacin hutu, ta sauka gidan gwaggonta, maƙwabciyata. Littattafaina ne suka haɗa mu. Takan aiko a ara mata, ta karanta, ta dawo da su tana dariya, ta ce mutanen ciki ba su da aikin yi. Ni a lokacin na ɗauka kunya ce take ɓoyewa da dariyar. Gwaggon ce ta kai labarina ƙauye, ta ce ina aiki a ma'aikatar ayyuka. Kafin labarin ya haye kogi ya zama Injiniya. Zuwana na farko, tun daga bakin gaɓa aka tarbe ni da sunan. Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, na ce, "Na'am."

Mahaifinta mai fito ne. Da rani mutane kan ratsa kogin da ƙafa, amma in damina ta yi nisa sai ta kwale-kwalensa. Dattijo ne marar yawan magana, ba ya duban fuskata in muna gaisawa, ni ma ba na duban tasa, kamar yadda ya dace. Na yi zuwa huɗu, bai ce in turo magabatana ba, bai kuma ce in daina zuwa ba. Wannan kalmar nake jira, ita kaɗai.

Yana da ƙaramin inji da yake maƙalawa a bayan kwale-kwalen, mai tashi da igiya. Hannunsa ana murɗa shi kamar na babur, shi ne totur. A gabansa akwai ɗan maɓalli da ake jawowa, shi ne cok. Tankin mai ja ne, yana zaune a ƙasan jirgin, da tiyo mai ƙullutun roba a tsakiya wanda ake matsawa mai ya hau. A damina ta shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ta rubuto mini wasiƙa. Gaisuwa layi biyu, sannan ta ce injin Baba yana ba shi wahala, ana murɗa totur ba ya amsawa sai ya ga dama, kuma Baba ya ce ko Injiniya zai duba in ya zo.

Na karanta layin nan ya fi sau goma. Na ga kaina a bakin kogi na naɗe hannun riga, na ga injin ya tashi, na ga dattijo ya dafa kafaɗata. Har abin da za ta faɗa mini a zaure bayan nan na tsara mata.

A garejin ma'aikatarmu akwai babban makanike, dattijo Kirista mutumin Filato, kowa Oga yake ce masa. Na same shi ya shige ƙarƙashin wata tifa, na tsuguna na ba shi labari, na ce injin wani abokina ne.

"Kawo shi in gani," ya ce daga ƙarƙashin motar.

"Yana da nisa, Oga. Gaya mini kawai."

Ya fito ya zauna a kan taya yana goge hannu. "Akawu, inji abu biyu yake ci, mai da iska. In yana sanyi ka ja cok, ka toshe masa iska, mai ya yi masa yawa, ya tashi. Da ya ɗau zafi ka mayar. In ka bari a jawe, zai ƙware kamar jaririn da aka ɗura wa ruwa, filogin da ke ba shi wuta ya jiƙe. Totur kuma waya ce ke jan sa daga hannu zuwa kafireto. In ka murɗa bai amsa ba, duba wayar ko ta saki. In ba ita ba ce, datti ne a kafireto, don man da ake sayarwa a galan yanzu Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Kana ji na?"

"Ina ji."

"Ba ka ji. Idonka yana wani gari. To riƙe wannan guda ɗaya: abin da ba ka san aikinsa ba, kada ka taɓa shi."

Gaskiyarsa. Abin da na rubuta a bangon bayan littafin da ke aljihuna kalmomi ne kawai: cok, totur, kafireto, filogi. Na haddace su a mota daga Dutse har Taura kamar mai shirin jarrabawa.

Ranar kasuwa na isa bakin kogi, da hantsi. Na sa farar shadda, na fesa turare. Jama'ar ƙauyen da suka yi sammako sun gama cin kasuwa suna jiran a mayar da su gida, ita ma tana cikinsu, ta zo sayen alli da littattafan rubutu. Ta gaishe ni daga nesa cikin hijabinta, ta koma cikin mata. Baba ya amsa gaisuwata yana kallon ruwa, ya nuna injin da haɓa, ya ce, "Ga shi nan, Injiniya." Ya tafi shirya buhuna.

Na cire hular injin. Ban taɓa ganin cikin irinsa ba. Mutane suka kewaye ni, na fara ambaton kalmomin nan da ƙarfi kamar ina magana da kaina. Na ga wata 'yar ƙusa a jikin abin da na tabbatar shi ne kafireto, na murɗa ta da sukudireban Baba sau biyu. Sai idona ya kai kan wata tsohuwar roba, irin wadda ake yankowa daga tub ɗin keke, an ɗaura ta daga wani siririn ƙarfe zuwa jikin injin. Baƙa ce, ta tsattsage, duk maiƙo. Ta ɓata mini rai don ba ta yi kama da abin da bature ya ƙera ba.

"Ai ga matsalar," na ce. "Ba a ɗaure inji da roba kamar buhun barkono."

Aka yi dariya. Na kwance ta na jefa a ruwa, na mayar da hula. Na ja cok, na ja igiya, bugu ɗaya ya tashi, da kuka mai ƙarfi wanda ya fi na da, saboda ƙusar da na murɗa tana ƙara masa gudu ne yana tsaye, ban sani ba. Wani ya ce, "Ka ji ilimi." Na saci kallon wajen mata. Ba ta kallona, injin take saurare, ta ɗan karkatar da kai. Na fassara hakan da sha'awa.

Tun da aka fara shari'a Baba ya tsara zaman jirginsa: maza a gaba, buhuna a tsakiya, mata a baya, shi kuma a ƙarshe wajen inji. Ranar ya ba ni wuri kusa da shi don girmamawa. Ita ce a layin ƙarshe na mata, ta ba mu baya, da wata tsohuwa a gefenta mai riƙe da ƙunshin busasshen kifi a kwali.

Kogin ya cika, ruwan ja kamar kunun kanwa, yana tafe da rassa da karan dawa. Mun kai kusan tsakiya sai hayaƙin injin ya yi kauri. Baba ya danna maɓallin cok da babban yatsa, ko da yake a danne yake. Ya murɗa totur. Injin ya yi tari, ya sake tari, ya yi shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sai ƙarar ruwa a jikin katako.

Nan take kan jirgin ya fara juyawa. Can ƙasa akwai wurin da ciyawar kacalla ta cunkushe, ruwan yana shiga ƙarƙashinta da ƙarfi, can yake jan mu. Baba ya ɗauki filafilin tuƙi, ya taka gefen jirgin da buhunan, ya wuce gaba, don babu wanda zai iya riƙe kan jirgi a ruwan nan sai shi. Yana wucewa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba:

"Ya sha mai. Injiniya, ga shi nan."

A nan na tafka abin da har yau in na tuna shi ina salla sai na rasa raka'ar da nake. A wurin masu inji, in an ce ya sha mai, ana nufin mai ya yi masa yawa, ya jiƙa filogi, wuta ba ta kamawa. Ni kuma abin da na sani a Dutse shi ne direbobi suna ƙorafin mota tana shan mai. Na ɗauka cewa yake ya shanye man da ke cikinsa, yana neman ƙari. Kalma ɗaya zan tambaya a warware mini. Amma yaya injiniya zai tambayi mai fito, kuma yaya mai neman aure zai ce wa suruki ya maimaita?

Na kama ƙullutun robar nan na tiyo na yi ta matsawa har ya yi tauri. Na jawo cok har ƙarshe. Na ja igiya. Na sake matsawa, na sake ja. Warin fetur ya cika jirgin, ya fara ɗiga daga ƙasan hular, ya shimfiɗu a kan ruwa launi-launi. Igiyar ta sale mini yatsu, shaddata ta yi baƙi. Maza a gaba suna taya Baba tuƙi da hannu da faranti. Wata mata ta fara salati a hankali.

"Ɗan nan," in ji tsohuwa mai kifi, "tayar da shi kake ko wanka kake masa?"

Ba wanda ya yi dariya. Kacallar ta matso har ina ganin tsuntsayen da ke kanta.

Sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba. "Injiniya, daina matsawa. Cire hular."

Na cire. Ta waiwayo sau ɗaya, ta dubi cikin injin, ba ni ba.

"Ina robar?"

Na dubi ruwa.

"Ya jefa ta a ruwa," in ji tsohuwar. "Wai ba buhun barkono ba ne."

Ban ga fushi a fuskarta ba, da na gani da ya fi mini sauƙi. Ta miƙa hannu ta kwance robar da tsohuwar ta ɗaure kwalin kifinta da ita, tana cewa, "Inna, ara mini." Ta ajiye ta a kan katakon da ke tsakaninmu, ta mayar da fuskarta gaba, ta ci gaba da magana kamar mai ba 'yan aji ɗaya karatu.

"Mayar da cok ciki. Ka ga ɗan faifan da ke bakin kafireto? Tura shi ya buɗe. Sifirin ɗinsa ya karye tun bara, robar ce ke riƙe shi, in babu ita girgiza na rufe shi. Ɗaura daga ƙarfen zuwa wancan kunnen. Ja da kyau. Yanzu gwangwanin da ke ƙarƙashin ƙafarka, akwai sifanar filogi."

Ban san inda filogin yake ba. Ta gane hakan ba tare da ta juyo ba.

"Bi baƙar wayar nan mai kauri. Inda ta ƙare."

Na kwance shi, ya fito jiƙe sharaf, baƙi ƙirin. Ta ce in goge shi ya bushe. Ba tsumma, hannun rigata kuma ya riga ya sha fetur. Na zaro littafin da ke aljihuna na yage shafi, na goge, na sake yagewa. Wurin da saurayi ke ceto budurwa ne daga hatsarin mota, na san shafin don na ninke kunnensa.

"Kafin ka mayar, ja igiya sau biyar ya fitar da na cikinsa. To, ɗaura. Kada ka taɓa cok. Murɗa totur ya buɗe, riƙe shi haka, ja."

Ja na farko ba komai. Na biyu ya yi atishawa. A na huɗu ya kama, ya tofar da hayaƙi mai yawa, sannan kukansa ya washe. Gefen jirgin ya riga ya fara gogar kacalla. Baba ya dawo ta kan buhuna, ya karɓi hannun injin, ya dubi sabuwar robar, ya dubi kwalin kifin da ke buɗe a cinyar tsohuwa. Ya juya kan jirgin ya kai mu gaɓa.

Da ake sauka, maza suna ta cewa, "Sannu Injiniya, Allah ya yi albarka." Suna gaba, ba su ji abin da ya faru a baya ba. Na amsa musu. Wannan ma na amsa. Tsohuwar ta tsaya tana tattara kifinta a zani, ta ce da ni, "Robata dai a biya ni da irinta, ba na son ta bature."

Bayan azahar Baba yana zaune a inuwar wata tsamiya a bakin ruwa, ya cire hular injin yana mayar da ƙusar da na murɗa. Na tsuguna nesa kaɗan. 

"Ranar da ka fara zuwa muka yi musabaha," ya ce, yana kallon aikinsa. "Hannun mai taɓa ƙarfe ba haka yake ba. Na ce bari in ji daga bakinsa. Zuwa huɗu ina jira. Na ce to bari in sa masa injin a gaba, ko zai ce, Baba, ban iya ba. Ban zaci za ka buɗe shi ba. Laifina ne da na ba ka baya, da rayukan mutane."

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.  Na yi sallama, na bi fiton la'asar na koma, ban nemi ganinta ba.

Mako uku ban je ba. Na zauna a ofis bayan an tashi na buga mata wasiƙa shafi huɗu a tafiretar gwamnati. Na kira ta tauraruwar zuciyata, na ce ni tsuntsu ne mai karyayyen fiffike, na ce ƙaddara ta raba mu a tsakiyar kogi, ta manta da ni, ta auri wanda ya cancance ta. Na yi hawaye ina bugawa, kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗin hawayen. A shafi huɗun nan babu inda na rubuta cewa ni akawu ne.

Amsarta ta zo ta hannun gwaggo, a takardar da aka yago daga littafin rubutun yara.

"Wasiƙarka ta sha mai. Baba bai ce kada ka zo ba. Totur ɗin har yanzu yana nan yadda yake."

Washegari na je gareji na gaya wa Oga komai, har da robar. Ya yi dariya har ya share ido, sannan ya daina, ya ce, "Mutum nawa ne a jirgin?" Na faɗa masa. Bai sake dariya ba. Ya buɗe wata tsohuwar durowa ya yi ta tono har ya samo ɗan sifirin, ya ce wataƙila ya yi daidai. Ya ɗauko wani mataccen babur ya nuna mini yadda ake ɗaure wayar totur in ta saki, ya sa na kwance na ɗaure sau shida, yana tsaye a kaina.

Ranar Asabar na koma da tsohuwar riga. Na tarar da Baba a bakin gaɓa tare da ƙanensa da wasu masu jiran fito. Wani ya hango ni ya ce, "Ga Injiniya." Na so in juya. Na tsuguna na gaishe su, na ce:

"Baba, ni ba injiniya ba ne. Akawu ne, tafireta nake bugawa. Ranar nan ni na cire robar, kuma ba ni na tayar da injin ba."

 Wani ya yi gyaran murya. Na ciro sifirin ɗin daga aljihu na ajiye a gabansa, tare da yankin tub ɗin keke na tsohuwa mai kifi.

Baba ya ɗauki sifirin ɗin ya juya shi a tafinsa, ya gwada, ya yi gajere. Ya ajiye shi a gwangwani, robar dai ta ci gaba da aikinta. Wayar totur kuwa da gaske ta saki, a daidai inda Oga ya ce. Shi ya ɗaure ta, ni na riƙe masa hannun injin ina murɗawa in ya ce murɗa. Da ya gama ya ja igiya, ya murɗa, injin ya amsa nan take. Ya kashe shi, ya wanke hannu a kogi, ya dubi ƙanensa, ba ni ba.

"Malam akawu ya turo manyansa bayan girbi."

Sunan dai bai bar ni ba. Har yau in na sauka a gaɓar nan, tun kafin in taka tudu wani zai ɗaga murya ya ce Injiniya ya iso, a ɓoye robobi. Nakan yi murmushi in wuce, kunnuwana suna zafi. Ita kuwa tun daga ranar nan a kogi ba ta sake kirana da shi ba, ko da wasa, ko da muna faɗa.